Ɓarawon Mota da Dilan Mota: Tarihin Kwaɗon da Ake Sayar Mana



Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban dila riƙe da kuɗin da ya shekara biyar yana tarawa ya san tambayar da ke biyo bayan "sallama": "Alhaji, ba za a sa mata sikiyuriti ba?" Mutum yana cikin murnar sabon abu, ga kuma tsoron kada a raba shi da shi, sai ya ce a sa. A Amurka wannan tambaya ta zama sana'a mai zaman kanta, da ofishinta da ma'aikatanta, kuma a can tarihinta ya fi fitowa fili domin an tara alƙaluma, an kuma sha zuwa kotu. Saboda haka can za mu fi daɗewa a yau, kafin mu biyo motocin ta teku su iso da mu gida. Abin da muke son ganowa shi ne wace kariya ce ta taɓa rage sata da gaske, kuma a hannun wa aka same ta.

Littattafan tarihin mota kan ambaci 1896 a matsayin shekarar da aka fara rubuta labarin satar mota. A Faris abin ya faru, motar Peugeot ce ta wani attajiri mai suna Baron de Zuylen, wanda ya ɗauke ta kuwa bakanikensa ne. Ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin waɗanda suka iya tayar da mota su tuƙa ta ba su da yawa. Wahalar tayarwar ita ce kwaɗon. Sai an zagaya gaba an murɗa ƙarfe da ƙarfin damtse kafin inji ya kama, in aka yi sakaci ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu. Da Ford ya fara cika titunan Amurka da Model T daga 1908, Cadillac kuma ta kawo sitata ta lantarki a 1912, sai wannan kwaɗo ya fara lalacewa. Yawancin motocin lokacin a buɗe suke, babu makullin ƙofa, kuma duk kamarsu ɗaya. Ko makullin tayarwa da Ford ya riƙa sa wa Model T daga 1919 iri 24 ne kacal. Wanda ya tara 24 ɗin nan a zobe ɗaya ya mallaki mabuɗin miliyoyin motoci.

Amurkawa sun saba da ɓarayin dawaki, amma doki yana da kamanni, yana da tabo, ya san hanyar gida, kuma yana gajiya. Mota ba ta gajiya. Kafin gari ya waye ta tsallaka wata jiha, inda 'yan sandan jihar mai ita ba su da ikon kama kowa. Wannan ne ya sa a 1919 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa Leonidas Dyer na jihar Missouri, wadda ta mayar da tsallakar da motar sata daga jiha zuwa jiha laifin tarayya. Kamfanonin inshora ma, da yake su ke biyan asarar, sun riga gwamnati: tun 1912 suka fara haɗa kai suna musayar bayanan motocin da aka sace. Duk da haka mota ta ci gaba da zama ƙafar ɗan fashi. Bonnie da Clyde, da 'yan sanda suka harbe a Louisiana a watan Mayun 1934, a cikin Ford V8 ta sata suka mutu.

Shekaru da dama bayan nan, satar mota ba ta buƙatar ilimi mai zurfi. A kai hannu ƙarƙashin sitiyari, a zaro wayoyi, a haɗa su, inji ya tashi. Gyara na farko mai ma'ana ya zo ne daga Jamus ta Yamma a farkon shekarun 1960, lokacin da gwamnati ta wajabta makullin sitiyari, wato wannan ƙarfen da ke shiga ya datse sitiyari da zarar an zare makulli. Jamusawa ba su tsaya kan sababbin motoci ba, har tsofaffin da ke kan titi sai da aka sa musu, satar kuwa ta faɗi ƙasa ta kuma daɗe a ƙasan. Amurka ta wajabta irinsa a sababbin motoci daga 1970, Birtaniya daga 1971. A Birtaniya, da masu bincike na ma'aikatar harkokin cikin gida suka duba sakamakon, sai suka ga sababbin motocin sun samu sauƙi amma ɓarayi sun koma kan tsofaffin. Satar ba ta ragu yadda aka zata ba, ƙaura ta yi daga ƙofar mai hali zuwa ƙofar talaka. Mu riƙe wannan, domin zai sake bayyana.

A 1981 Amurka ta daidaita lambar jikin mota, wadda muke kira lambar shasi, ta zama haruffa da lambobi 17 ga kowace mota. A 1984 wata doka ta tilasta wa kamfanoni buga wannan lamba a manyan sassan motocin da aka fi sata, don a wahalar da masu yanka mota su sayar da ita gunduwa-gunduwa. Duk da haka sata ta ci gaba da hawa, har a 1991 aka sace motoci kusan miliyan 1.66 a Amurka cikin shekara guda. A wannan yanayi na fargaba ne kasuwar kayan kariya ta buɗe sosai.

Wani ɗan kasuwa a jihar Pennsylvania, James Winner, ya fara sayar da wani jan ƙarfe a 1986 mai suna The Club, wanda ake gitta wa sitiyari a kulle. Ya sayu kamar ƙosai da safe. Ɓarayi ba su ɓata lokaci kan ƙarfen ba, sai suka riƙa yanka sitiyarin kansa da ƙaramin zarto, tunda ya fi laushi, su zare ƙarfen su ajiye a kujerar baya. Amma kada mu raina shi gaba ɗaya. Ana ganinsa daga waje, kuma ɓarawon da ke sauri zai gwammace motar da ke kusa da ita. Irin kariyar nan ce ta "ka bar tawa ka ɗauki ta maƙwabcina". Ita kuwa jiniyar mota, wadda ta cika biranen duniya da kuka a shekarun 1980 da 1990, ta kashe kanta da kanta. Tsawa ta tayar da ita, babbar mota ta wuce ta tayar da ita, kyanwa ta hau bonet ta tayar da ita. Ku tambayi kanku sau nawa kuka ji jiniyar mota da tsakar dare kuka tashi kuka leƙa.

Na uku ya bambanta da waɗannan biyun, kuma ya cancanci mu ɗan zauna a kansa. William Reagan, wanda ya taɓa riƙe muƙamin kwamishinan 'yan sanda a wani ƙaramin gari a Massachusetts, ya ƙirƙiro wata 'yar na'urar rediyo da ake ɓoyewa a jikin mota. Ya yi mata rajista a 1979, aka fara aiki da ita a jihar a 1986 da sunan LoJack. In an sace mota aka kai rahoto, 'yan sanda su kunna na'urar daga nesa, motocin sintirinsu masu ɗauke da na'urar karɓar sigina su bi sawu. Ba a liƙa wata alama a gilashi, don haka ɓarawo bai san wace mota ce ke ɗauke da ita ba. Kuɗinta a shekarun 1990 ya kai kimanin dala 600, kuma a wurin dillalan sababbin motoci aka fi sayar da ita.

A 1998 masana biyu, Ian Ayres da Steven Levitt, suka wallafa bincike a kanta. Sun gano cewa a biranen da LoJack ta shiga satar mota ta ragu sosai, domin mota ɗaya mai na'urar tana iya jagorantar 'yan sanda har cikin garejin da ake yanka motoci, a kama gungu guda. Sai dai sun lissafa cewa wanda ya biya kuɗin na'urar bai samu ko kashi 10 cikin 100 na amfanin da ta jawo ba. Sauran ya tafi ga mutanen gari da ba su biya ko sisi ba, da kamfanonin inshora. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita ba ta hana a ɗauki motarka, tana dai ƙara yiwuwar a dawo maka da ita, kuma ƙarfinta duka yana ga waɗancan motocin sintiri da ke amsa kira. Yau sunan LoJack yana nan a Amurka, amma abin da ake sayarwa da shi ya koma na'urar GPS mai aiki da layin waya da manhaja, irin wadda kamfanoni da yawa ke yi.

Abin da ya karya lagon ɓarayi da gaske bai fito daga teburin dila ba. General Motors ta fara gwada shi a motar Corvette ta 1986, da wani ɗan ƙwayar abu a jikin makulli wanda motar ke tantancewa kafin ta yarda ta tashi. A Turai kuma, bayan rushewar katangar Berlin a 1989, motocin Jamus suka riƙa ɓacewa suna nufar gabas, har kamfanonin inshora suka matsa wa masu ƙera motoci lamba. Daga nan aka samu abin da bakanikai ke kira imobilaiza, mu kuwa muna iya ce masa dabaibayin inji. A cikin kan makulli akwai ɗan guntun lantarki mai lambar sirri, ƙwaƙwalwar mota kuma ba za ta saki mai da wuta ba sai ta ji wannan lamba. Ko ka fasa sitiyari ka haɗa wayoyi, inji zai yi ta juyi ba zai kama ba. Tarayyar Turai ta wajabta shi a duk sabuwar mota daga Oktoban 1998, Ostareliya ta bi a 2001, Kanada a 2007. Masana tattalin arziki biyu 'yan ƙasar Holan, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun ƙiyasta cewa ya rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100, alhali abin da ya ƙara wa farashin mota bai taka kara ya karya ba. Amurka ba ta taɓa wajabta shi ba, amma yawancin kamfanoni sun sa da kansu, kuma zuwa 2014 satar mota a ƙasar ta sauko ƙasa da 700,000, ƙasa da rabin ta 1991.

A nan bari mu ɗan ratse, tunda zauren marubuta muke. Muna yawan cin karo da labarai inda ɓarawo ya shiga Lexus ta 2018 ya tsugunna ƙarƙashin sitiyari ya haɗa jar waya da baƙa ya tafi. Wannan ɓarawon ɗan zamanin Peugeot 504 ne, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975. In labarinku a 1985 yake, ku bar shi da wayoyinsa. In a bana yake, dole ya samu makullin, ko ya ƙwace motar da bindiga, ko ya zo da na'ura. Mai karatun da ya san mota zai gane a layi ɗaya, kuma daga nan ya daina yarda da sauran abin da kuka faɗa masa.

To, in masana'anta ta riga ta sa makullin sitiyari da dabaibayin inji da lambar shasi, me ya rage wa dila ya sayar? Nan ne tarihin ya zama na ciniki. Tun 1958, bisa dokar da Sanata Mike Monroney na Oklahoma ya kawo, dole a liƙa wa kowace sabuwar mota a Amurka takarda a gilashi mai nuna farashin da kamfani ya ba da shawara da kayan da ke cikinta. Dillalai sai suka riƙa liƙa tasu takardar a gefe, mai lissafin abubuwan da su suka ƙara. Da intanet ta zo, mai saye ya san farashin kowace mota kafin ya bar gida, ribar da ke kan motar kanta ta ƙanƙance. Sai nauyin ya koma wani ɗaki na baya, ofishin bashi da inshora, inda ake kai mutum bayan an gama ciniki don ya sa hannu. Ya shafe sa'o'i yana ja-in-ja, ya gaji, yara na kuka a waje, ga tarin takardu. A nan ake kawo maganar sata. Kuma da yake yawancin masu saye da bashi suke saye, ba a ce masa dala dubu, sai a ce "'yan daloli ne kawai a wata". Dala 1,000 da aka raba a wata 72 ba ta kai dala 20 a wata ba ko da kuɗin ruwa, kunne ba ya jin zafinta, amma aljihu zai biya har da ƙari.

Mafi shahara cikin kayan ɗakin nan shi ne zana lambar shasi a gilasan mota da sinadari. Dabarar ba ta banza ba ce: motar da lambarta ke kan kowane gilashi ta fi wahalar sauya wa kamanni. Matsalar farashi ce. Ana sayar da kayan yin zanen a kanti da 'yan daloli kaɗan, 'yan sanda a garuruwa da yawa ma kan yi wa jama'a kyauta. A 2017 wata cibiyar lauyoyi masu kare masu saye, National Consumer Law Center, ta fitar da rahoto bayan nazarin cinikin motoci masu ɗimbin yawa. Ta gano cewa a matsakaici dila na biyan dala 58 kan zanen gilashi ya ɗora ribar dala 189, wato kashi 325 cikin 100, kuma babu tsayayyen farashi, kowa da yadda aka ga fuskarsa. Sau da yawa ana haɗa zanen da alkawarin cewa in an sace motar ba a gan ta ba za a ba mutum wasu dubban daloli, amma sharuɗɗan karɓar kuɗin suna can cikin ƙananan rubutu. Wani lokaci kuma a ce ai an riga an yi wa duk motocin da ke filin, ba a iya gogewa, sai dai ka biya.

Hukuma ta sha shiga tsakani. A 2022 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, tare da jihar Illinois, sun sasanta da rukunin dillalan Napleton kan dala miliyan 10, bisa zargin cusa wa masu saye kayan ƙari ba da yardarsu ba, da kuma cajin baƙaƙen fata fiye da sauran. A Disamban 2023 hukumar ta fitar da ƙa'ida ta gama-gari wadda za ta hana cajin kuɗi kan kayan ƙarin da ba su da amfani ga mai saye, ta kuma tilasta a gaya masa cewa ba dole ba ne ya saya. Ƙungiyoyin dillalai suka garzaya kotu, a Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar saboda hukumar ta tsallake wani mataki wajen kafa ta. Ba ta taɓa fara aiki ba.

Ana cikin haka sai ga abin da ya nuna wa kowa inda kariyar gaske take. Kamfanonin Hyundai da Kia sun shafe shekaru, daga wajen 2011 zuwa 2021, suna sayar da ƙananan motocinsu masu makullin murɗawa a Amurka ba tare da dabaibayin inji ba, tunda doka ba ta tilasta ba. Cibiyar alƙaluman inshora ta HLDI ta ce a motocin shekarar 2015, kashi 96 cikin 100 na sauran kamfanoni suna da shi, na Hyundai da Kia kuwa kashi 26 kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu samari a birnin Milwaukee suka gano cewa in an ɓalle murfin wuyan sitiyari, kan wayar cajin waya ma ya isa a murɗa a tayar da motar. Suka riƙa ɗaukar bidiyo suna sawa a TikTok da sunan Kia Boys. A 2021 an sace motoci sama da 10,000 a wannan birni kaɗai, kusan kashi biyu cikin uku na kamfanonin nan biyu ne, daga nan abin ya bazu ƙasa baki ɗaya. An yi haɗurra, an rasa rayuka, wasu manyan kamfanonin inshora suka daina karɓar irin motocin a wasu birane. A 2023 satar mota a Amurka ta haura miliyan ɗaya. A shekarar ce kamfanonin suka fitar da gyaran manhaja kyauta, suka amince da sasancin da ya kai kimanin dala miliyan 200, suka kuma riƙa raba ƙarfen sitiyari ta hannun 'yan sanda, wato dai ɗan uwan jan ƙarfen nan na 1986. A 2024 adadin ya sauko zuwa kusan 850,000. Ku tuna, da yawa cikin waɗanda aka sace wa motocin nan sun wuce ta ɗakin baya, kuma babu zanen gilashin da zai maye gurbin ɗan guntun lantarkin da masana'anta ta ƙi sawa.

Motoci masu tsada kuma nasu ciwon daban ne. Makullin zamani da ba a zura shi, wanda mota ke jin kusantowarsa ta buɗe, ya buɗe wa ɓarayi sabuwar ƙofa. Mutum biyu ke zuwa da dare, ɗaya ya tsaya jikin ƙofar gida da na'urar da ke kamo siginar makullin da ke rataye a falo, ɗaya ya tsaya jikin mota da na'urar da ke isar da ita. Mota ta ɗauka mai ita ne ya iso. Wasu kuma ta ramin da bakanike ke jona kwamfutarsa suke shiga su yanka wa kansu sabon makulli, wasu ta wayoyin fitilar gaba suke aika wa ƙwaƙwalwar mota saƙon ƙarya. Maganin na farkon wata 'yar jaka ce mai toshe sigina wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba, ko ma gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Kanada ta ji jiki sosai da wannan salo. A 2022 an sace motoci sama da 105,000 a ƙasar, kuma a karon farko abin da inshora ta biya ya haura dalar Kanada biliyan ɗaya. Motar ofis ta ministan shari'a kanta sau uku ana sace ta cikin shekara uku. A Fabrairun 2024 gwamnati ta kira taron ƙasa a Ottawa kan matsalar. Wasu kamfanonin inshora suka ɗora ƙarin kuɗi kan motocin da aka fi sata, sai in mai ita ya sa na'urar bin sawu da suka amince da ita. A irin wannan hali na'urar tana biyan kuɗin kanta, kuma mai ɗaukar asarar ne ya zaɓe ta, wanda ya sha bamban da abin da dila ya zaɓa don ribarsa. Amma ko bin sawun yana da iyaka. Gidan rediyo da talabijin na CBC ya ba da labarin wani mutumin Toronto da ya ɓoye AirTag a motarsa. Da aka sace ta, yana kallo a wayarsa ta shiga filin jiragen ƙasa, ta isa tashar jiragen ruwa ta Montreal, ta bi ta Beljiyam, ta sauka a Dubai. Ya san inda take a kowane mataki, ya kuma sanar da 'yan sanda, amma ba a samu wanda ya buɗe kwantenar kafin ta bar ƙasar ba.

Ba Dubai kaɗai kwantenonin nan ke zuwa ba, kuma a nan labarin ya iso mu. Afirka ta Yamma na cikin manyan masaukan motocin da ake sacewa a Kanada. 'Yan jaridar CBC sun tarar da wasunsu a filayen sayar da motoci a Gana, wasu ma ba a cire musu alamun Ontario ba. A Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. A Maris na 2025 Interpol ta jagoranci samame a ƙasashe 12 na yankinmu, aka gano motocin sata kusan 150, mafi yawansu daga Kanada.

Mu ma muna da namu tarihin. Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda ƙwacen motoci a Legas da tsallakar da su Jamhuriyar Benin ya yi ƙamari, har Shugaba Obasanjo ya rufe iyakar ƙasashen biyu a Agustan 2003, aka kuma miƙa wa Najeriya Hamani Tidjani, wanda ake zargi da karɓar motocin a Kwatano. Irin satar da ta fi damunmu ke nan, wadda ake yi da bindiga a bakin ƙofar gida, sai kuma satar sassa: madubin gefe, fitila, batir, ƙwaƙwalwar mota. Jiniya ba ta tsayar da mai bindiga, dabaibayin inji ma bai da amfani in makullin aka karɓa daga hannunka. Shi ya sa zanen lambar mota a madubi da fitila da gilashi, wanda masu ƙaramin inji ke yi a bakin kasuwa, ya fi ma'ana a wurinmu fiye da Amurka, domin madubin da ke ɗauke da lambar wani yana da wuyar sayarwa, kuɗin aikin kuma ba shi da yawa. Ɓoyayyen makunnin da mai wayarin ke sawa ya yanke mai ko wuta yana aiki in hannun ƙwararre ya bi, amma wanda ya sa shi ya san inda yake, kuma wayarin na ganganci ya sha ƙona motoci. Na'urar bin sawu mai iya kashe inji daga nesa ita ce ta fi dacewa da ƙwace, muddin layin da ke cikinta na da kuɗi, akwai sabis a inda aka nufa da motar, akwai kuma wanda zai tashi ya bi in an kira shi da ƙarfe biyun dare.

Don haka idan dila ya ce a sa sikiyuriti, abin tambaya shi ne wane ɓarawo abin zai tsayar, mai zarto ko mai na'ura ko mai bindiga, kuma motar ba ta zo da irinsa daga masana'anta ba? Sai a nemi farashinsa shi kaɗai, a ware daga kuɗin mota, a je a ji nawa yake a waje. In na'urar bin sawu ce, a san wa ke riƙe da lambar sirrinta, dila ko mai mota, da abin da za a riƙa biya duk shekara. Mu a ganinmu, a mafi yawan lokuta mutum zai fi samun sauƙi da inganci in ya ɗauki motarsa ya tafi, ya zaɓi mai sa masa da kansa daga baya.

Ga mai sayen 'yar Kwatano ko wadda aka sauke a Legas kuwa, akwai haɗarin da ya riga wannan, wato ya kasance motar da yake son karewa ita kanta ta sata ce. Lambar shasi tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, tana kuma cikin takardun kwastan, kuma dole ukun su zama ɗaya harafi da harafi. Hukumar NICB ta kamfanonin inshorar Amurka tana da shafin da ake duba lambar kyauta, Kanada ma tana da nata na 'yan sanda. In lambar ta fito a jerin Interpol bayan an biya, motar za a ɗauke, sai mai saye ya koma neman kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa.